Usman Sembene da Silimar Mutanen da Ba Su Jin Faransanci



Mutumin da aka nemi in yi magana a kansa bai taɓa kyamara ba sai da ya doshi shekara arba'in. An haifi Usman Sembene a 1923 a garin Ziguinchor da ke kudancin Senegal, mahaifinsa masunci ne. Bai yi nisa a boko ba aka kore shi. Ya yi birkila, ya yi kanikanci, Faransa ta ɗauke shi soja a 1944, daga baya ya tsallaka Marseille yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ya rungumi karatu, har ya fitar da littafinsa na farko a 1956. Na 1960, wanda ya gina kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar a 1947, shi ya ɗaga sunansa.

To, ga suna ya fita, amma wa ke karantawa? Da ya koma gida sai ya tarar masunta da leburorin da yake ba da labarinsu ba su jin Faransanci, ba su iya karatun boko ba. Wannan ne ya kai shi Mosko a 1962 koyon shirya fim. A wurinsa gidan silima makarantar dare ce.

Ina so mu ɗan tsaya kan fim ɗinsa Mandabi na 1968, domin a ganina nan ne ya fi nuna gwaninta. Labarin wani magidanci ne a Dakar, Ibrahima Dieng, mai mata biyu, ba aikin fari ba na baƙi. Ɗan 'yar'uwarsa mai sharar titi a Paris ya aiko da kuɗi ta gidan waya. Kafin ya karɓa sai da katin shaida. Katin sai da takardar haihuwa da hoto. Kowace ƙofa kuma da mai jiran na goro. Tun kuɗin ba su shigo hannu ba labari ya cika unguwa, iyali sun ci bashi, maroƙa sun yi layi. Ƙarshe wani ɗan boko mai kwat ya yi sama da su. Babu Bature a cikin masu cutar Dieng, duk 'yan ƙasa ne, shekara takwas kacal bayan samun 'yancin kai. Kuma da harshen Wolof 'yan wasan suka yi magana, ko da yake Faransawan da suka zuba kuɗi sun sa sai da ya ɗauki wani da Faransanci. Mu da muka saba kunna fim mu ji Hausa zalla muna iya raina wannan, alhali shi sai da ya yi kokawa kafin ya samu.

Hukuma ba ta ji daɗinsa ba. Xala na 1975 ya yi wa sababbin attajirai ba'a, aka datse wasu sassansa. Ceddo na 1977, wanda ya taɓo yadda sarauta da addini da cinikin bayi suka cuɗanya, gwamnatin shugaban Senegal, Senghor, ta hana nuna shi, wai don an rubuta sunan da "d" biyu. Na san wasu a zauren nan ba za su yarda da yadda ya siffanta limamin cikin fim ɗin ba, ni ma ina ganin ya tsananta. Amma hujjar harafi ba ta gamsar da kowa ba. Camp de Thiaroye na 1988 kuwa ya tono kisan da sojojin Faransa suka yi wa sojojin Afirka a Disambar 1944 don sun nemi haƙƙinsu. Ya ci kyauta a Venice, amma ya daɗe bai samu shiga gidajen silimar Faransa ba.

Yana da shekara 81 ya fitar da Moolaadé kan kaciyar mata, wanda ya ɗauka a wani ƙauyen Burkina Faso, ya kuma ci kyauta a Cannes a 2004. Babban burinsa, fim kan Samori Ture, jarumin da ya yaƙi Turawan Faransa, ya yi shekaru yana nema masa kuɗi, har ya rasu a Dakar a watan Yunin 2007 bai samu ya ɗauka ba.