Ciniki Tsakanin Nijeriya Da Nijar: Babba Ba Ya Wadatuwa Ga Barin Ƙarami

 Ya 'yan'uwa da kuka zo daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mas'alar da za mu tattauna yau ita ce cinikin da ke gudana tsakanin ƙasarmu Nijeriya da maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar.

Wataƙila wani ya ce, mu da ke kudancin Jihar Katsina ina ruwanmu da batun iyaka, alhali ba Jibiya ko Kwangwalam muke ba? Amsa ita ce, buhun masarar da manomi ya kai kasuwar Sheme ko Dandume ba a nan tafiyarsa ke ƙarewa ba. Wani yakan bi ta Jibiya ya sauka Maraɗi, wani ya fara biyawa ta Dawanau a Kano. Haka nan ragon da muke yin layya da shi, da kanwar da ke cikin girkinmu, da albasa da wake da aya, da yawansu daga can suke fitowa.

Wannan mu'amala ta girmi ƙasashen biyu. Bayan da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina a wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yanzu ake kiran sarkin can Sarkin Katsina. Iyakar da muke gani, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20. A 1971 kuma gwamnatocin biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai.

Babu shakka Nijeriya ce babba. Mutanenta sun haura miliyan 200, na Nijar kuwa ba su kai miliyan 30 ba. Muna da teku, su ba su da shi. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga Nijeriya yake zuwa. Marasa lafiyarsu kan zo asibitocin Katsina da Kano, 'ya'yanmu kuma da dama suna karatu a jami'o'in Maraɗi. To amma girman nan shi ne yake ruɗin wasunmu, har su ɗauka cewa in an rufe iyaka su kaɗai za su ji a jikinsu.

Mu duba abin da ya faru. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka katse lantarki, aka sake rufe iyaka, har zuwa Maris na 2024. Haƙiƙa mutanen Nijar sun sha wuya, magani da abinci suka yi tsada. Amma manyan motocin da suka yi layi a bakin iyaka har kayansu suka lalace na wa ne? Direba da ɗan dako da dillali da suka zauna ba aiki, 'yan ina ne? Ciniki bai tsaya cak ba, sai dai ya koma hanyoyin daji, inda mai ƙarfi ke wucewa, ƙaramin ɗan kasuwa ya karye.

Mu kanmu mun ɗanɗana irin wannan a gida. A 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankinmu. Duk wanda ya ga yadda kasuwa ta zama kufai a lokacin, ya san abin da ake nufi da toshe wa gari hanya.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ke juya akalar kaya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, dabbobin Nijar suka yi araha ga mai naira. Daga Yunin 2023 zuwa farkon 2024 kuwa, naira ce ta rasa fiye da rabin darajarta, sai hatsinmu ya yi araha ga mai sefa. Manomin da ya sayar da wuri ya yi murna da kaka, da bazara ta yi sai ya koma sayen mudu da tsada. Wannan ke nuna cewa rinjaye a kasuwa ba gadon kowa ba ne. Yau gare ka, gobe ga ɗan'uwanka.

Saboda haka muna kira ga abubuwa huɗu. Na farko, a cika mudu ga baƙo kamar yadda ake cika wa ɗan gari, domin Suratul Muɗaffifina ba ta ware ɗan wata ƙasa ba. Na biyu, 'yan kasuwa su ji tsoron Allah game da ɓoye hatsi lokacin da mutane ke cikin buƙata, a nan ne ko a can. Na uku, masu canjin naira da sefa su sani cewa sharaɗin canji shi ne a karɓa hannu da hannu a majalisi ɗaya. Na huɗu, kada a sayi dabbar da ba a san asalinta ba, don kuwa mai sayen shanun sata shi ke ƙarfafa ɓarayin da suka hana mu noma.

Ga shugabanni kuma, nasiharmu ita ce kada saɓanin siyasa ya sa a mai da abinci da magani makami. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma ba ta tashi daga maƙwabtakarmu ba, haƙƙin maƙwabci kuwa ya fi nauyi a kan wanda ya fi ƙarfi. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sanya albarka a gonakinmu da kasuwanninmu.