Ciwon Sukari da Ciwon Damuwa: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya a Lafiya

 

An ce in yi magana a kan ciwon sukari. To, zancen rage tuwo da doya da lemon kwalba kun sha jinsa, ba zan maimaita ba. Abin da ya kawo ni shi ne wanda ba a faɗa a ɗakin likita: halin da zuciyar mai ciwon take ciki.

Binciken likitoci ya nuna cewa mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi kamuwa da ciwon damuwa da kusan ninki biyu. Ba abin mamaki ba ne. Ciwo ne da ba shi da hutu: awon jini, allura ko ƙwaya, kiyaye abinci, ga tsadar magani, ga tsoron makanta ko yanke ƙafa. Mu kuma da yawanmu dangi suna can Kano, Katsina ko Sakkwato, magidanci shi kaɗai yake fama da kasuwa da haya da kuɗin makaranta.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ciwon nan biyu suna ciyar da juna. In damuwa ta daɗe, jiki yana sakin wani sinadari mai ƙara sukari a jini. Sannan wanda zuciyarsa ta mutu ba ya kula da shan magani a kan lokaci, ba ya motsa jiki, ranar asibiti ta zo ya ƙi zuwa. Sukari ya hau, jiki ya ƙara mutuwa, damuwa ta ƙaru. Sai a gida a ce taurin kai ne, ko a ce rashin tawakkali. Wallahi sau da yawa ba haka ba ne, jama'a. Rashin lafiya ne, kuma yana da magani.

Yaya ake gane shi? Ba a ɗibar jini. Tambayoyi biyu ake fara yi. A cikin mako biyu da suka wuce, ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba jin daɗinsu? Kana yawan jin ƙunci ko yanke ƙauna? In amsar ta nuna alama, sai a ci gaba da tambayoyi 9, a kan barci, cin abinci, gajiya, har da tunanin gara mutuwa da rayuwa. Minti biyar ya isa. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yin wannan aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma lokacin da ciwon ya kawo sabuwar matsala. Layi a asibitocinmu yana da tsawo, likita ba lallai ya tambaye ka ba. Kai ka faɗa masa.

A kula da abu ɗaya: makyarkyata, gumi da bugun zuciya na iya zama faɗuwar sukari ne. A auna tukuna kafin a ce fargaba ce.

Na san abin da ke hana mu magana, tsoron a ce mutum ya taɓu. Ko gwamnati ta bar wannan tunani, domin a shekarar 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Maganin damuwa kuwa yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada a yar da shi a kwana uku, kada kuma a daina maganin sukari saboda rubutu ko sassaƙe. Addu'a da asibiti ba sa faɗa.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi saurin lura. In Malam ya daina fita majalisa, ya bar zuwa shago, ku sanar da wani babba a raka shi asibiti. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Ina roƙon shugabanni su sa wannan cikin ziyarar marasa lafiya da ƙungiya take yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.