Tufafin da Ya Dace Mai Neman Aikin Kwana-kwana Ya Sa

Wannan jawabi ne da aka karanta wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Alelu.

Gobara ba ta sallama. A watan Maris na 2016 wuta ta ci babbar kasuwar Birnin Kebbi, ta kuma ci kasuwar Sabon Gari ta Kano. Saboda haka aikin kwana-kwana aiki ne na ceton rai da dukiya, kuma yana bukatar matasa masu ƙarfi da natsuwa.

Idan aka kira saurayi ganawar ɗaukar aiki, tufafinsa ake fara gani kafin a ji bakinsa. Kada ya ci bashi don ɗinka shadda. Kaftani da hula, ko riga da wando, sun isa, muddin an wanke an goge. Babbar riga ta ranar Sallah ce, tana hana mutum sakewa. Ya sa takalmi sau-ciki, ya bar silifa a gida. Ya yi aski, ya yanke farce. Kada ya ari kakin wani, don bai zama ma'aikaci ba tukuna.

Wani lokaci akan gwada gudu, a auna tsawo da faɗin ƙirji. Don haka ya riƙe gajeren wando da farar singileti da kambas a jaka, tare da takardun makaranta da shaidar ƙaramar hukuma.

Mai tashi daga Jega, Aliero ko Maiyama ya yi sammako, ya kare tufafinsa daga ƙurar hanya. Shirin zaune ya fi na tsaye.

Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.