A Cinikin Inshora Ma Ana Cewa Albarka

Jawabin da aka gabatar a taron reshe



Da yawa daga cikinmu da rancen ƙungiyar gama-kai muka sayi mota, ana cire kuɗin daga albashi duk wata. Idan hatsari ya auku, kamfanin inshora ya ce motar ta tashi daga aiki, wato kuɗin gyaranta ya kai ko ya kusa kai darajarta, to mota ta tafi, bashi yana nan. Saboda haka abin da kamfani zai biya magana ce ta cin gidan malami.

Inshorar mota iri-iri ce. Ta dole, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har Naira miliyan 3 idan dukiya ce. Ba ta biyan motarka. Maganata ta yau ta shafi mai cikakkiyar inshora, ko takaful irinta.

Ƙa'idar ita ce kamfani ya biya darajar motar a kasuwa ranar da hatsarin ya auku, amma ba zai wuce adadin da aka rubuta a yarjejeniya ba, kuma zai cire kason da ka amince za ka ɗauka da kanka. A kan darajar kasuwa ake ciniki. Adadin da suka fara faɗa tayi ne, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san mai kaya yana da ikon cewa albarka.

Sai dai a nan hujja ce ke ƙara farashi. Ka nemi rahoton mai kimanta ɓarna a rubuce, ka duba shi kamar yadda kake duba takardar jarrabawa: shekarar ƙira, samfuri, da nisan tafiyar da motar ta yi. Ka samo farashin irinta, mai shekara ɗaya da ita, a rubuce daga dillalai uku. Ka haɗa rasitan sabon inji ko tayoyi, da hotuna, da rahoton 'yan sanda. Idan kana son riƙe gawar motar, za su rage kuɗinta daga biyanka, don haka ka fara jin abin da za ta yi a Panteka ko Ƙofar Ruwa.

Kada ka sa hannu a takardar sallamar kamfani sai ka gamsu da adadin, domin da ka sa, bakin alƙalami ya bushe. Idan sun ƙi sauraro, ka kai ƙorafi a rubuce ga NAICOM. Bayanta akwai kotu.

Saura rigakafi. Tun da darajar Naira ta faɗi a Yunin 2023, motoci suka yi tsada. A misali, wanda ya rubuta miliyan 4 bai sabunta ba, ko motarsa ta kai miliyan 8 a yau, ba zai karɓi fiye da 4 ba. Mu riƙa gyara adadin duk shekara.

Ina roƙon kwamitin walwala ya ɗauki nauyin duba takardu tare da duk ɗan ƙungiya da wannan ta sama, kafin ya sa hannu.