Jawabi A Kan Kumburin Ƙafa Marar Zafi

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo, Allah ya saka da alheri da kuka amsa kira.

Jama'a, mu 'yan goro mun san funfuna, mun san yadda take cin huhu tun daga ciki ana ganin ganye lafiya lau. To, akwai danginta masu kama jikin mutum. Makero da ƙyasbi kowa ya san su, a saman fata suke tsayawa. Wadda ta tara mu yau ita ce mai nutsewa cikin nama har ta kai ƙashi, likitoci na ce mata maisitoma.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cutar a ƙasa take, ƙaya ko sartse ke tura ta cikin ƙafa. Ta fi yawa a busasshiyar ƙasa irin ta Sudan, Cadi, Nijar da arewacinmu. Muna zuwa gida noman damina, yaranmu na bin shanu ba takalmi, sai an dawo nan Kurmi da watanni ko shekaru kumburi ya fito. Ba zafi, shi ya sa muke sakaci. Daga baya ya huhhuje yana fid da ruwa da 'yan ƙwayoyi kamar tsabar gero, baƙaƙe, farare ko jajaye.

Dukanmu mun tuna ɗan dakon nan da muka haɗa wa kuɗin mota. Shekara uku muna cewa jifa ne, aka yi tsaga, aka shafa man kemis. Ranar da muka kai shi asibiti ta riga ta ci ƙashi, ƙafar sai yankewa. Wallahi laifinmu ne, mu da muke gani muka yi shiru.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cuta cikin jerin waɗanda aka yi sakaci da su, don talaka take kamawa. Amma tana da magani. Iri biyu ce, wata ta bakteriya, wata ta funfuna, kuma gwaji ne ke rarrabewa. Ta funfunar takan ci watanni da yawa ana shan magani, galibi har da tiyata. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kada mu ƙyamaci mai ita.

Saboda haka mu riƙe abu uku. Mu sa takalmi rufaffe a gona da daji. Kumburin da ya ƙi sacewa, ko ba ya zafi, mu kai asibiti, mu gaya wa likita garin da muka fito. Wanda aka ɗora kan magani, mu taimaka masa daga asusun ƙungiya har ya gama. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya bar mu da ƙafafunmu na neman halal.