Hanci da kunne hanyarsu ɗaya



In hunturu ya sauka a Adar, daga Tawa har Barmu da Takanamat, ƙura takan tashi, mura ta kama yara. Wani yaro ya warke cikin mako guda. Wani kuwa majina ba ta yanke masa. Yana kwana baki buɗe, yana minshari. Daga baya kunne ya fara zubar da mugunya. Uwa tana tsammani cuta uku ce. Sau da yawa tushensu ɗaya ne.

Can bayan hanci akwai wata ƴar tsoka mai tare ƙwayoyin cuta. Likitoci suna ce mata adenoyid. Takan fi girma tsakanin shekara 3 da 7, ta ƙanƙance in yaro ya balaga. Ba ita ce beli ba. Ko an buɗe baki ba a ganinta. Askar wanzami ba ta kai wurin, saboda haka yanke beli ba ya maganinta.

In tsokar ta kumbura, sai ta toshe hanci. Majina ta taru cikin ƴan ramukan da ke ƙashin kumatu, ta yi kauri, ta yi wari. Akwai kuma siririyar hanya daga bayan hanci zuwa kowane kunne. In ta toshe, ruwa ya kwanta cikin kunne kamar tabki, ya ruɓe. Wani lokaci ya huda fatar ganga ta cikin kunne, ya fito.

Mugunyar da ta kai kwana 14 ta zama tsohon ciwo. Tana jawo kurumta, yaro ya kasa jin malam a makaranta. Tana iya kaiwa ga sanƙarau.

Ga abin yi. A nisanta yaro da hayaƙin murhu. A yi masa rigakafi. Kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye a kunne. A tsane mugunya da tsumma mai tsabta sau 3 a rana, a kai shi likita. A shekarar 2006 gwamnati ta yanke a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

In bayan kunne ya kumbura, ga zazzaɓi, kada a kwana. A nufi likita nan da nan, ko babban asibitin Tawa.

Allah ya raya mana su lafiya.