Fitilar Mota Ta Dushe: Laifin Wane Ne?

Maganarmu ta yau a kan fitilar mota ce, watau abin da kan sa ta dushe da dare, ta koma ja kamar aci-balbal.

Kada wani ya ɗauka ƙaramar magana ce. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda, watau kusan taku talatin. In fitila ba ta haska gaban mita 30, to, direba ba shi da ko daƙiƙa biyu tsakanin hango jaki, ko amalanke, ko babbar motar da ta mutu a hanya ba alama, da isa wurin. Ga shi kuwa da mutane cike a bayansa.

Abin da yawancinmu kan yi in fitila ta dushe, sai mu ce batir ya mutu. A je kasuwa a sayo sabo da kuɗi masu yawa. Kwana biyu fitila ta yi haske tar, a na uku ta koma yadda take. Sa'an nan mai mota ya shiga zagin mai shago, wai ya sayar masa da jabu. Sau da yawa kuwa mai shago ba shi da laifi, tsohon batirin ma ba shi da laifi.

Ku dubi randar gidanku. Randa ba ta haifar ruwa, ajiya kaɗai take yi. Mai kawo ruwan ɗan garuwa ne. In ya daina zuwa, ko kun sayo sabuwar randa cike da ruwa, gobe za ta ƙafe. To, batir shi ne randa. Ɗan garuwan mota kuwa wata na'ura ce a gefen inji, ana kiranta altaneta. Inji ne ke juya ta da fambel. Muddin inji na aiki, ita ke ba fitila wuta, ita kuma ke mayar wa batir abin da aka ɗiba wajen tayar da mota. Saboda haka in inji na aiki fitila kuwa ta dushe, kada a yi hanzarin kama randa. A bi sawun ɗan garuwa, da hanyar da yake bi.

Za mu fara da abin da ba a biyan ko kwabo a kansa, watau ido da kunne. A gaban direba akwai 'yar jar fitila mai hoton batir. In an murɗa makulli tilas ta kama, in inji ya tashi tilas ta mutu. In ta ci gaba da ci, ko tana ƙyaftawa a tafiya, caji ba ya shiga. In kuwa ba ta kama ba sam tun da fari, wannan ma ba lafiya ba ne, don a tsofaffin motoci da yawa ta wayar wannan 'yar fitila altaneta ke samun wutar da take fara aiki da ita. Mun san akwai masu liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dame su. Wannan daidai yake da a ɗaure bakin kare don a yi barci, ɓarawo kuwa yana tsakar gida.

Da dare ku tsayar da mota gaban bango, ku kunna fitila, inji na silo. Ku taka totur a hankali, kuna duban bangon. In haske ya ƙaru ƙwarai da aka taka, ya faɗi da aka ɗaga ƙafa, to, caji ya yi rauni. Amma in fitila ɗaya ce kaɗai ta dushe, 'yar'uwarta na haske sosai, ku bar altaneta ta huta. Ciwon yana wajen ƙwan fitilar, ko wayarta da ke ɗaure a jikin mota ta yi tsatsa. Wani lokaci ma wuta lafiya lau take, murfin fitilar ne na roba rana ta gasa shi ya yi hazo.

Sa'an nan a kashe inji, a zare makulli, a buɗe gaban mota a duba fambel. Irin siririn nan na tsofaffin motoci, in an danna tsakiyarsa da babban yatsa kada ya nutse fiye da kamar rabin inci. In ya saki, ko ya tsattsage, ko gefensa ya yi ƙyalli, zamewa yake yi. Shi ne kukan nan mai tsini da kuke ji da safe in an tayar da mota, ko in an kunna fitila. Ku lura kuma, a motoci da yawa fambel ɗin nan shi ke juya famfon ruwan inji. In jar fitila ta kama farat ɗaya a tafiya, allurar zafi kuma ta soma hawa, ku tsaya nan take. Wanda ya ce bari ya ƙarasa gari, inji zai saya.

Daga nan sai kan batir. Farin garin nan ko tsanwa da kan taru a kai yana tare wuta kamar yadda yashi kan toshe magudana. A kwance, a wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa ko sodar burodi, a kankare har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan a bisa. Wajen kwancewa a fara da kan da ke da alamar ragi, wajen mayarwa a ƙare da shi. Kada a dunƙula ƙusa ko takardar gwangwani a cusa don kai ya kama, kamar yadda ake yi a tasha. A bi kuma kakkaurar wayar nan da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji, don ta nan wuta ke komowa. Kada mai shan taba ya matso, gama batir na fitar da iska mai kamawa da wuta.

In duk wannan bai nuna kome ba, sai awo. Akwai ɗan ma'aunin wuta mai waya biyu, ja da baƙa, wanda kowane rewaya na kirki ke da shi. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na batir ba. Awon ƙarfin wuta sunansa bolt. Wanda ya iya karanta lamba, ya iya wannan aiki. A ɗora jar waya kan alamar tarawa, baƙa kan alamar ragi.

Batirin ƙaramar mota ɗaki shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. In mota ta kwana ba a tayar ba, cikakken batir zai nuna 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa, randa ta kusa ƙafewa. To, a tayar da inji a sāke dubawa. Yanzu ya kamata lamba ta hau, ta tsaya tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka. A kunna manyan fitilu da fanka, a ɗan taka totur. In ta zauna bisa 13.5, ɗan garuwa na aikinsa. In ta tsaya a 12 da wani abu tana ta sauka, ba ya kawo kome, batir kaɗai ake ci. In ta wuce 15 ta zauna can, caji ya yi yawa. Shi ne za ku ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan batir na ƙonewa, ƙwayayen fitila na mutuwa a kai a kai. Manyan motoci masu batir biyu a jere, bolt 24 ke nan, sai a ninka lambobin nan. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa su kan rage caji da kansu in batir ya cika, don haka a auna su da fitila a kunne.

Akwai gwajin da muke roƙonku ku bari. Shi ne cire kan batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba caji na nan. Wannan dabara ta zamanin dainamo ce, na'urar da tsofaffin motoci ke caji da ita. A shekarar 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara fitar da motar Valiant da altaneta, daga baya sauran kamfanoni suka bi, don dainamo ba ya caji sosai in inji na silo. Amma dabarar ta tsira a bakin mutane, an gāje ta daga ubangida zuwa yaro. A motar yau, batir ne ke shanye wutar da ta yi tsalle. In an cire shi, tsallen nan na iya ƙona cikin altaneta, ko kwamfutar mota, wadda kuɗinta ya fi na batir nesa. Gwajin ma ba ya faɗin gaskiya, don altaneta mai rabin rai tana iya riƙe inji, amma ba ta iya riƙe fitila.

Ko da awo ya kama altaneta, ba lalle ne a jefar da ita ba. A cikinta akwai 'yan burushi biyu na gawayi, su kan cinye da tsufa, ƙurar hunturu kuma tana taimakonsu. Akwai mai daidaita caji, akwai kuma waɗansu 'yan ƙofofin wuta da ake kira dayod, aƙalla shida, masu barin wuta ta fita amma ba ta komo ba. In ɗaya ya ƙone, caji kan ragu, wani lokaci kuma batir ya tsiyaye cikin dare mota na ajiye. A altaneta da yawa ana canja waɗannan ɗaya ɗaya. Ku ce wa rewaya ya nuna muku abin da ya cire, ya kuma sāke awo a gabanku kafin ku biya.

In kuwa caji daidai yake, amma kullum da safe sai an tura mota, sa'an nan ne za a tuhumi batir. Zafin ƙasarmu yana rage masa kwana. Irin mai murfi, a duba ruwansa ya rufe farantan ciki. In ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir, kada a zuba na rijiya, kada kuma a ƙara asid.

Yanzu sai mu fita waje. Akwai mota a bakin ƙofa, ga ma'auni kuma mun zo da shi. Kowa zai ɗora wayoyin da hannunsa, ya karanta mana lambar da ya gani da ƙarfi.